Geron da Inna Ke Warewa

Shekarar da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Batsari, ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fidda kai ba. Malamin asibiti ne, irin masu wanke ciwo da yin allura a ƙaramin asibitin gari. Muka kama ɗaki biyu a wani gidan haya bayan kasuwa, mu da ɗiyarmu ƴar shekara biyu, ga kuma ciki ina ɗauke da shi. Mu Kiristoci ne, Hausawa, daga kudancin ƙasar Katsina, kuma ba mu da yawa a garin. Ran Lahadi in an taru a majami'a, wani ɗakin laka mai rufin kwano can bakin gari, ƴan sanda ne biyu ko uku da iyalansu, da wasu masu shago ƴan kudu, sai mu. Sauran mutanen gidan da muke haya duk Musulmi ne, malaman makaranta da aka turo daga wasu garuruwa kamar yadda aka turo mu. Ba mu taɓa samun saɓani da su ba. Abin da ya dame mu shi ya dame su, hatsi ya yi tsada, albashi kuma ba ya kai tsakiyar wata.

Da kaka ta yi, ko in ce lokacin da ya kamata a kira kaka, sai uwar maigidana ta zo zama da mu. Inna muke ce mata. Ta iso a bayan motar ɗaukar kaya, zaune bisa buhu biyu na gero, iyakar abin da gonarta ta ba ta ke nan a shekarar, da ƙunshin tufafinta, da wani tsohon tulu da ta rungumo tun daga ƙauye don kada ya fashe. Ta ce ta zo ne ta taya ni jego. Haihuwa kuwa saura wata huɗu.

Kwana uku da zuwanta awon abinci ya bar hannuna. Ba ta yi faɗa ba. Ta tsaya ne tana kallona ina surfe, ta ga na sheƙe dusa na tara wa akuyar da ke ɗaure a tsakar gida, sai ta ce, "Ɗiyata, akuyar nan ta wa ce?"

Na ce ta matar malam ce, maƙwabciyarmu ta ɗakin da ke kallon namu.

Ta ce, "To ai matar malam ta san da zamanta."

Daga ranar dusa ta koma cikin gari, tuwonmu ya yi duhu ya yi kaushi. Ba a ƙyasta ashana muddin akwai hayaƙi a wani murhu cikin gidan, sai in ɗauki kasko in je roƙon garwashi. Guntayen sabulu ta jiƙa su ta dunƙule wuri guda. Ƙanzon tukunya ta kankare ta shanya bisa faifai, in ya taru a jiƙa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ya zama abincin rana. Ruwan da aka wanke gero da shi ma ba a zubarwa, da shi ake dama kunu. Da la'asar takan fita bayan gari ta dawo da yaɗiya a bakin zanenta. Ni kuwa na yi makaranta har na gama firamare, na taso a gidan da ake dafa shinkafa ran Lahadi, ina ganin kaina matar ma'aikaci ce. Kunya ta dame ni. Matar malam, mace mai fara'a wadda ta girme ni da kaɗan, takan yi dariya in na zo ɗibar wuta, ta ce surukata ta fi gwamnati iya tsuke bakin aljihu.

Duk wannan na iya fahimtarshi, don yunwa ce ke tafe kuma Inna ta taɓa ganin irinta. Abin da ya ɗaure mani kai daban ne. Kullum da safe in ta auna geron yini a kwano, kafin ta miƙo mani sai ta nutsa hannu ta damƙo cike da tafi, ta zuba cikin tulun nan, ta rufe da faifai ta ɗora dutse. Bakinta yana motsi amma ba a jin abin da take faɗi. Awon da dama bai isa ba, ga shi an ƙara rage shi.

Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Na Ubangiji ne."

Na ɗauka baiko take tarawa, irin sadakar da ake kaiwa majami'a. Da matar mai bisharanmu ta yi sanarwa a taron mata cewa kowace ta kawo abin da ya sawwaƙa na hatsi don gidan mai bishara, har daɗi na ji, na ce ko ba komai yau za mu fita kunya. Inna ta auno rabin kwano daga buhun da muke ci, ta ƙulle a tsumma ta ba ni. Tulu ko kallonshi ba ta yi ba.

Na ce, "Inna, ba ke kika ce na Ubangiji ne ba?"

Ta ce, "Mai bishara yana da mu. Kowa ya san ƙofarshi."

Sai da aka yi kasuwa biyu na ga inda geron ke zuwa. Akwai wata Bafulatana da ke kawo tallar nono daga wata ruga ta hanyar Yasore, doguwa, mai ɗan shiru-shiru, ta girme ni nesa amma ba ta kai Inna ba. A shekarar ciwo ya shiga shanu, ga rashin ciyawa, don haka abin da ke cikin ƙwaryarta sunan nono kawai ya rage mashi. Ruwa ne da garin kuka, sai ɗan fari-fari. Maigidana ya kurɓa sau ɗaya ya ce wannan nono an yi mashi baftisma, an tsoma shi a ruwa. Matan gidan duk sun daina saye. Inna ce kaɗai ke kiranta ciki, ta shimfiɗa mata tabarma, su gaisa su sake gaisawa, ina gajiya, ina yara, ina shanu, ya muka ji da wannan rana. Sannan Inna ta ɗanɗana da ludayi, ta ɓata fuska, a fara ciniki. Ciniki na gaske, har da rantsuwa daga wajen mai nono da tsaki daga wajen Inna, a kan ƙarin ludayi ɗaya. In an daidaita, Inna ta shiga ɗaki ta buɗe tulu ta ciko kwano har yana zuba, ta juye mata a ƙwarya. Geron ya ninka darajar nonon sau nawa ban sani ba. Mai nono ba ta godiya. Ta gyara gammo, ta ce sai ran kasuwa, ta fita.

Matar da ke hana ni ƙyasta ashana ita ce ke wannan. Ran nan na kasa haƙuri na ce, "Inna, in sadaka za ki ba ta, ki ba ta mana. Me ya kawo ciniki?"

"Wa ya ce maki sadaka ce? Nono na saya."

"Ruwa kika saya, Inna."

"To ki sha ruwan. Yana yi wa mai ciki amfani."

Na haihu lafiya, namiji. Inna ta yi mani wankan jego da kara da kashin shanu da ta riƙa tsintowa, ba ta bari an sayi itace ko ɗauri ɗaya ba, kuma ban taɓa rasa ruwan zafi ba, wannan in faɗi gaskiya. Zafin bazara ya shigo, buhu ɗaya ya ƙare, na biyun ya sauka ƙasa da rabi. A lokacin ne yayata ta zo barka daga Safana. Mijinta leburan hanya ne da aka sallama, ya koma noma a wata gonar aro wajen Zakka, ita ma ba ta ba da komai ba. Ƴaƴansu biyar. Ta yi kwana biyu tana hira kamar ba komai, sai ranar da za ta koma ta same ni a bakin murhu ta ce, "Ƙanwata, sau ɗaya muke ɗora tukunya, wata rana ma ba a ɗorawa." Ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

Na kai maganar ga Inna. Ba ta yi jinkiri ba, ta kwance bakin buhu ta auna tiya biyu, ta ce daga yau kunun safe na mai shayarwa ne da yarinya, ita da maigida sun haƙura. Na dubi tiya biyun, na tuna yara biyar, na dubi tulu da na san ya kusa rabi.

Na ce, "Inna, ga wancan."

Ta ce, "Wancan ya riga ya fita daga hannunmu. Yayarki mu ce. In mun ba ta, cikinmu muka ba, daga buhu za a ɗiba."

"Ita mai nonon wace ce tamu?"

"Ba kowa."

"To shi ya sa ake ba ta?"

"Shi ya sa."

Na tsaya ina juya maganar, ta ƙi zama mani. Yayata Kirista ce, jinina ce, ta tako ta roƙa da bakinta. Wadda ba ta roƙa ba, ba ta godiya, ba ma addini ɗaya ba, ita ke da tulu. Da Inna ta zagaya bayan ɗaki tana yi wa jariri wanka, na ɗaga dutsen na cika ɗankwalina da gero, na ƙulle na cusa cikin kayan yayata. Yayata ta ce, "Inna ta sani?" Na ce ta sani.

Washegari wajen awo Inna ta sa hannu cikin tulu, hannun ya daɗe a ciki fiye da kullum. Ta rufe, ta ɗora dutse, ta miƙo mani kwano. Amma daga ranar, bayan damƙin da ta saba, sai ta ƙara ware kason da zai zama tuwonta tun yana tsaba ta zuba a tulu. In an kwashe tuwo da yamma ta ce ba ta jin yunwa, ta ci ɗan ganye ta sha ruwa. Kwana uku, kwana biyar, mako ya zagayo. Idanunta suka faɗa, in ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango.

Na gaya wa maigida komai. Ya daɗe yana gyara sarƙar kekenshi kafin ya ce, "Ki rabu da ita, haka take tun muna yara." Na ce ya yi mata magana mana, uwarshi ce. Ya ce shi ɗan fari ne, ko sunanshi ba ta faɗi, ta ina zai fara. Na ce to shi ya gane abin da take nufi da tulun? Ya ce bai taɓa ganewa ba, ya dai san ba a taɓa shi.

Ran Lahadi na keɓe da matar mai bishara na ba ta labari, ina fatan ta ce mani ga mai gaskiya tsakanina da Inna. Ta saurara, ta ce in yi ta addu'a, tsofaffi suna da hanyoyinsu. Sannan ta rage murya ta tambaye ni ko Inna za ta iya tunawa da su ma daga tulun, don su ma gidansu ba daɗi. Na dawo gida kaina ya fi ɗaurewa.

A kwana na goma na durƙusa gabanta na ce ni na ɗiba, na ba yayata.

Ta ce, "Na sani. Ai ba zubarwa kika yi ba."

"To ki yafe mani ki ci abinci."

"Me kika yi mani da zan yafe? In ya koma inda yake zan ci."

"Ni na ɗiba, Inna. Ni ya kamata in bar ci."

"Ke kina shayarwa."

Babu fushi a muryarta ko kaɗan, kuma wannan ya fi mani ciwo. Har yau ban san ko horo ta yi mani ba ko ɗauke mani laifi ta yi. Na kan ga kamar duka biyun ne, wani lokaci kuma in ga ba ta ma yi tunanina ba sam, tsakaninta da tulunta ne. Bayan kwana biyu ta leƙa ciki, ta ce ya yi, ta ci tuwo.

Ba a daɗe ba mai nono ta zo ta ce matar ɗanta ta sauka. Da ta tafi, Inna ta kwance ƙunshin tufafinta ta zaro sabulu sabo fil a takardarshi, wanda ban san da shi ba duk tsawon watannin da na yi ina wanke tsumman jariri da guntaye da toka. Ta ce gwiwarta na ciwo, in kai barka a madadinta. Matar malam ta ce za ta raka ni, don uwarta Bafulatana ce, tana jin Fillanci. Muka fita da sassafe, ina goye da yaro.

Rugar bukka uku ce a gefen wani busasshen rafi. Garken ba komai sai turaku da igiyoyi a zube, layi-layi, inda shanu suka taɓa tsayawa. Saniya ɗaya ce ta rage, fara, kwance, ƙasusuwanta duk a waje. Mun iske maza biyu sun zura mata sanduna ƙarƙashin ciki suna ɗaga ta don ta tsaya bisa ƙafafunta. Mai nono na durƙushe gabanta da ƙwarya, tana ɗibar wani abu da hannu tana sa mata a baki. Da na matsa na ga jiƙaƙƙen gero ne da kanwa. Ta ɗago ta gan mu, ta yi mana maraba, ta nuna ƙwaryar da haɓa ta ce, "Geron tsohuwarku ne." Ko alamar kunya babu a fuskarta. Ga yara uku zaune a inuwar bukka suna tsotsar aduwa, wuyansu kamar zare.

Muka shiga muka ga mai jego, na ba da sabulu. Matar malam ta yi ta magana da su da Fillanci, a hanyar dawowa ta fassara mani. Ta ce geron biyu suke raba shi, rabi ga mutane, rabi ga saniya. Saniyar tana da ciki. In ta kai damina ta haihu, yara za su sha nono kuma garke zai sake tashi. In ta mutu, mai nono ta ce ba su san abin da za su zama ba. Matar malam ta faɗi wannan kamar abin da kowa ya sani. Ni kuwa ba abin da nake gani sai Inna tana dafa bango, da yayata da ta kasa kallon idona.

Da na isa gida ban ko sauke goyo ba na ce, "Inna, kin san wa ke cin geronki? Saniya."

Ta ce, "Saniya?"

"Saniya, Inna. Da idona na gani, da hannu ake ba ta, yara na zaune suna tsotsar aduwa. Kwana goma sha biyu kika yi ba ki ci tuwo ba saboda saniya."

Ban ce mata rabi ne ba. Ban ce mata saniyar na da ciki ba. Ba mantawa na yi ba, ina sane na bar su. Ina so ne sau ɗaya in ga ta rasa amsa, kuma na gani. Ta zauna tana murza bakin zanenta har aka yi la'asar.

Ran kasuwa mai nono ta zo kamar kullum. Inna ta shimfiɗa tabarma, suka gaisa, amma gaisuwar ta gajarta. Ta ɗanɗana nono, ba ta ɓata fuska ba, ba ta yi ciniki ba. Ta shiga ta fito da ɗan gero a gindin kwano, daidai abin da nonon ya cancanta, ba ƙari. Mai nono ta dubi kwanon, ta dubi Inna, ta juyo ta dube ni ina tsaye bakin ƙofa. Ta juye a ƙwaryarta ta ce, "To." Ba ta ce sai ran kasuwa ba.

Ba ta sake zuwa ba. Inna ta ci gaba da damƙinta kullum safe, tulu yana cika, ran kasuwa kuma ta ɗauki tabarma ta zauna kusa da zaure tana tsinkar zogale, duk wadda ta yi sallama sai ta ɗaga kai. Na samu abin da nake so, amma ko tsaba ɗaya ba ta ƙaru a tukunyarmu ba, ga gidan ya yi wani irin nauyi. A mako na uku na jiyo Inna a ɗakin matar malam, sun daɗe suna magana. Da ta fito ta same ni ina daka.

Ta ce, "Ba ki ce mani tana da ciki ba."

Na ce, "Ba ki tambaya ba."

Cikin duk maganganun da na taɓa yi a rayuwata, wannan na cikin waɗanda nake so a ce ban yi ba. Washegari da hantsi ta juye tulun kaf a cikin tsohon buhu, ta naɗa gammo, ta ce in wuce gaba in nuna mata hanya. Na ce gwiwarta fa, na ce ta bari maigida ya kai a keke in ya taso aiki. Ta ce ba shi ya auna ba. Na ce to ta ba ni in ɗauka, ta ce ina da goyo.

Tafiyar da muka yi da matar malam kafin rana ta yi zafi, da Inna sai da rana ta take muka isa. Takalmanta a hannu ta riƙe su har can, wai kada ƙasa ta cinye su. Mun iske rugar ba kowa. An kwashe bukkokin, sai da'irar inda suka zauna da duwatsun murhu. Wani mutum da ke sharar gona nan kusa ya zo muka gaisa. Ya ce sun tashi kwana shida ke nan, sun yi kudu. Inna ta tambayi saniya. Ya ce shi bai gani ba, wasu sun ce an yanka ta an sayar da naman a Yasore, wasu sun ce an ga ana janye da ita. Ya ce bai san wanne ne gaskiya ba.

Inna ta sauke buhun ta zauna a gindin wata bishiyar aduwa. Na kwance goyo ina ba yaro nono. Da ta fara magana, ba ni take kallo ba.

Ta ce, "Uwata ce ke yin wannan, tun ba mu karɓi bishara ba. Ita tana ware wa waɗanda take tsoro ne, na cikin duwatsu da itatuwa. Da muka tuba aka ce mu bar duk wannan, na bari. Amma hannuna ya saba, in na auna sai ya damƙa. Sai na ce to bari in sauya mai shi. Na ce na Ubangiji ne, kuma tunda Shi ba Ya cin gero, in ba wanda ba zai iya rama mani ba. Ban tambayi kowa ba ko ya halatta."

Na sauya wa yaro nono.

Ta ce, "Ina cewa in abu ya fita daga hannuna ba ruwana da inda ya je. Na sha gaya maki haka. Ashe da ruwana, tunda daga jin saniya na janye hannu." Sai ta juyo. "Ke kin yi makaranta, kina karatu da kanki. Wanne ne daidai? Da na ba ta, ko da na hana yayarki, ko da na daina?"

Ban taɓa jin ta tambaye ni wani abu da ya wuce inda na ajiye muciya ba. Duk watannin nan ina da amsa a bakina, na shirya ta, na maimaita ta ina daka. Ran nan na nema na rasa. Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta ce, "Ni ma."

Ta ce ba za ta koma gida da geron ba. Ta kira mai sharar gonar ta ce ya ɗauka. Ya tambaya ko na sayarwa ne, ta ce a'a. Ya sake tambaya ko saƙo ne zai ajiye wa Fulanin, ta ce in sun dawo ya ba su, in ba su dawo ba ya ci. Ya durƙusa ya yi ta addu'a, Allah Ya saka, Allah Ya jiƙan mahaifa, Allah Ya raya wannan yaro, ita kuwa tana ta gyara ɗaurin zane kamar addu'ar na ƙona ta. Sai da muka yi nisa ta ce, "Mutumin nan bai yi kama da mai jin yunwa ba." Na ce wataƙila iri zai yi da shi. Ta ce wataƙila.

Gwiwar ta kumbura, ta yi mako a kwance. Da ruwan farko ya sauka ta ce shuka na jiranta, maigida ya sa ta a mota ta koma ƙauye. Mun ƙara shekaru masu yawa tare da ita a duniya, muna zuwa Kirsimeti, tana zuwa duk haihuwa, kuma ba mu sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Amma ranar da za ta tafi, a tasha, bayan ta gama yi wa jikokinta addu'a, ta riƙo hannuna ta ce in riƙa dubawa ran kasuwa, ko mai nono za ta dawo.

Na duba har muka bar Batsari. Da aka mayar da mu Safana shekara biyu bayan haka, na ci gaba da tambayar masu tallar nono, ina kwatanta ta, doguwa, mai shiru-shiru, daga rugar hanyar Yasore, masu farar saniya ɗaya. A nan ne na lura ko sunanta ban sani ba, wata shida tana zama bisa tabarmarmu. Wata tsohuwa daga cikinsu ta saurare ni har na gama, ta ce a shekarar nan kowa ya tashi, kowa kuma da saniya ɗaya ya rage, wace nake nufi daga ciki?